Yadda ake zaɓen manhajar rubuta atisayen ɗaga ƙarfe

A wajen da muke ɗaga ƙarfe, can bayan Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, akwai tambayar da in ka yi wa mutum goma da ƙyar biyu su amsa daidai: "Kilo nawa ka ɗaga ranar Litinin da ta wuce, kuma sau nawa?" Wani zai ce maka, "Jan farantin nan ne da ɗan baƙin." Wani ya ce, "Oho, na dai ji a jikina." Ka dawo bayan shekara, kana iske shi a kan jan farantin nan da ɗan baƙin, yana ƙorafin ƙwanji ya ƙi fitowa, yana tambayar wane garin ƙara jiki zai saya.

Tsoka ba ta ƙara ƙarfi sai an riƙa ɗora mata abin da ya ɗan ɗara wanda ta saba, ko ta nauyi ko ta yawan ɗagawa. Wanda bai san abin da ya ɗaga makon jiya ba, ina zai san abin da zai ɗora yau? Aikin manhajar atisaye ke nan gaba ɗaya: ta tuna maka na baya a daidai lokacin da kake tsaye gaban ƙarfe. Su hoton mutum mai jajayen tsokoki, da lambobin yabo, da jerin abokai, duk rakiya suka yo. Na gwada manhajoji da dama a 'yan shekarun nan, na yi asarar rubutu, na yi asarar kuɗi. Da wani ƙanena ya tare ni kwanan baya da "Yaya, wacce zan sauke?" sai na ga gara in shimfiɗa amsar a rubuce, yadda ni da shi muka bi ta.

Mu fara daidaita kalmomi biyu. A filin dambe ana cewa turmi ɗaya, turmi biyu. Ni ma haka nake kiran kowane zubin ɗagawa da ake yi a jere kafin a huta, abin da manhajojin ke rubuta wa set. Adadin ɗagawar da ke cikin turmin kuma shi suke rubuta wa reps. In na ce turmi 3, ɗagawa 8, kilo 60, ka gane inda na dosa.

Mataki na farko: a auna ƙarafan kafin a taɓa waya

Wannan shi mutane suka fi tsallakewa, kuma in an tsallake shi duk abin da ya biyo baya shaci-faɗi ne. An yi manhajojin nan ne don gidajen motsa jiki na Turai da Amurka, inda kowane faranti ke da lamba a jikinsa. Sandar gasa ta maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, ta mata kuma kilo 15. Farantan gasa launinsu ke faɗin nauyinsu: ja 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10. Mu kuwa me muke da shi a yawancin unguwanni? Siminti da aka zuba a gwangwanin fenti aka soka masa bututun ruwa, da gangar birkin babbar mota, da tsohuwar giyar injin niƙa da mai walda ya haɗa. Jan farantinmu ja ne saboda fentin da ya rage wa mai shi ke nan.

To a auna su. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suna da sikeli, mai sayar da gas ma haka, kuma in ka yi sallama ka yi bayani ba za su hana ka ɗora gangar birki ba. In akwai sikelin auna mutum a gida, ka hau kai kaɗai ka riƙe lambar, ka sake hawa rungume da ƙarfen, sai ka debe ta farko daga ta biyu. Abin da ka samu ka rubuta shi da fenti a jikin ƙarfen, manya-manya, don na bayanka ma su huta. Kada a manta da sandar kanta. Manhajoji da yawa suna ɗauka kilo 20 ce kai tsaye, alhali siririyar sandar da ake saya a kasuwa ko wadda aka yanko a wajen mai walda ba ta kusa da haka.

Akwai kuma tarkon farantan gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka. Su da laba suke awo, za ka ga an rubuta LB. Kilo ɗaya laba 2.2 ne, don haka farantin da aka rubuta wa 45 kilo 20.4 ne, mai 25 kilo 11.3, mai 10 kuma kilo 4.5. Na taɓa ganin yaro yana bugun ƙirji wai ya tura 90 a kan benci, ashe laba yake ƙirgawa. Ba mu ce masa komai ba ran nan, sai washegari.

Mai atisaye a cikin gida shi ma yana da ma'auni a hannu. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 25 in ta cika ta kai kilo 25 da ɗan nauyin jarkar. Buhun siminti kilo 50 ne. Ledar fiya wata rabin kilo ce, ka riƙe wannan don za mu dawo kanta.

Mataki na biyu: me kake so ta yi maka?

Wanda yake da jadawalinsa, ko kocinsa ya tsara masa, littafin rubutu kawai yake nema. Nan ne FitNotes da Strong da Hevy suka shigo. FitNotes ta Android kyauta ce, ba talla, ba ta neman ka buɗe asusu, kuma a kan wayarka take aje komai. Ba ta da ado, kamar littafin bashin mai kanti take, amma ba ta ɓata lokaci. Strong ta fi kyan gani, sai dai a tsarinta na kyauta jadawali 3 kawai za ka iya ajewa. Hevy tana ba da 4 a kyauta, tana buƙatar asusu, kuma tana da dandalin da abokai ke ganin atisayen juna. Kamfanonin kan sauya waɗannan iyakoki, don haka ka karanta abin da ke shafinsu ranar da za ka sauke.

Kada iyakar jadawali 3 ta tsorata ka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, kwana biyu ko fiye a mako ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka. Mai zuwa kwana uku, ko da kowace rana da nata jadawalin, 3 ta ishe shi.

Sabon shiga da bai san ta inda zai fara ba, shi manhajar da ke ɗauke da tsari yake buƙata. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shahara ita ce StrongLifts 5x5, ta wani ɗan Beljiyam mai suna Mehdi. Atisaye biyar ne kacal a cikinta: tsuguno da sanda a kafaɗa, turawa a kwance kan benci, jawowa zuwa ciki a sunkuye, turawa sama da kai a tsaye, da ɗaukowa daga ƙasa. Kwana uku a mako ake yi, ana musanya jadawali biyu. Kowane atisaye turmi 5 ne na ɗagawa 5, in ban da ɗaukowa daga ƙasa da ake yi wa turmi ɗaya. Ranar da ka cika duka, sai ta ƙara maka nauyi a zama na gaba, yawanci kilo 2.5. In ka kasa sau uku a jere a nauyi ɗaya, sai ta rage kashi 10 cikin 100 ka sake hawowa. Tsari ne mai kyau, amma yana neman abu biyu da ba kowane wuri ke da su ba: madogarar da za ka aje sanda daidai kafaɗa ka shiga ƙarƙashinta, da ƙananan farantai biyu masu kilo 1.25. Na biyun yana da dabara. A auna yashi kilo 1.25 a sikelin mai kanti, tela ya ɗinke shi cikin ƙyalle mai kauri da igiyar rataya, a yi guda biyu. Na farkon kuwa ba a yi masa dabara. Kada ka yi tsuguno da nauyi mai yawa inda ba abin da zai tare sandar in ƙafa ta ƙi tashi. Boostcamp ma tana cikin wannan rukuni, ita ta tattaro tsare-tsaren koci-koci daban-daban, da yawansu kyauta.

Sai masu son manhaja ta riƙa yanke masu abin da za su yi kullum. Fitbod irin wannan ce: ka gaya mata kayan da kake da su, ta tsara maka na ranar, amma bayan ɗan gwaji sai da biya. A ganina ba ta dace da mai gangar birki ba, don lissafinta na mai jerin dambel ne, wato gajerun ƙarafan da ake riƙewa da hannu ɗaya, daga ƙarami zuwa babba. JEFIT kuma rumbu ce, tana da atisaye sama da dubu da hoton yadda ake yin kowanne. Tana da amfani ga mai son koyon sunaye, sai dai ta kyautar tana da talla, kuma cunkoson da ke ciki kan rikita sabon shiga.

Su Strava da Google Fit da Samsung Health, ƙarfinsu na wajen gudu da tafiya da keke. In kana zagaya filin wasa na Muhammadu Dikko da asuba za su yi maka amfani, amma ba su za ka nema don turmi da kilo ba. Masu alkawarin fito maka da tsokar ciki cikin kwana 30 kuwa, ka wuce su kawai.

Ƙanena yana da jadawali, wayarsa ƙarama ce, don haka FitNotes da Hevy muka ɗauka don gwaji. Biyu sun isa. Wanda ya sauke shida ba zai gwada ko ɗaya da kyau ba.

Mataki na uku: a karanta shafinta kafin a danna

A Play Store ka gangara ƙasa ka duba girmanta, musamman in wayarka irin su itel ko ƙaramar Tecno ce da hotunan biki suka riga suka cika. Ka duba ranar da aka sabunta ta ta ƙarshe. Wajen ra'ayoyin jama'a, ka tsallake masu tauraro biyar, ka karanta sababbin masu tauraro ɗaya da biyu. In mutum biyar sun ce ta cinye masu rubutu bayan sabuntawa, gani ya kori ji, ba sai ta cinye naka ba.

Akwai sashen da aka rubuta wa Data safety, inda masu manhajar ke bayyana bayanan da suke kwasa da waɗanda suke ba wasu. Ka leƙa. Bayan ka sauke kuma ka lura da izinin da take roƙo. Manhajar rubuta kilo ba ta da hurumi da saƙonninka ko tarihin kiranka. In ta nemi lambobin da ke wayarka wai don nemo maka abokai, ka ce a'a, za ta yi aiki haka nan. Duk mun ga abin da manhajojin bashi suka yi wa mutane da lambobin 'yan uwansu.

Wani abokin atisaye zai ce, "Kawo in tura maka ta Xender, tawa an buɗe komai kyauta." Ka gode masa ka bar shi da kayansa. Manhajar da wani ya farke ya sake ɗinkewa ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, ga shi a wayar nan kake shiga asusun bankinka.

'Yar'uwa mai atisaye a gida, ke wannan ya fi shafa: in kin ɗauki mai dandalin abokai irin Hevy, tun ranar farko ki shiga saiti ki mayar da shafinki na sirri, kafin ki rubuta komai. Hoton auna canjin jiki kuwa, in ma za ki ɗauka, ki bar shi a wayarki. Awon ƙugu da tef ɗin tela ya wadatar, lamba ce kawai.

Mataki na huɗu: a kashe data a gani

Wannan gwajin minti biyar ne, kuma shi ke raba gari da tsakuwa. Bayan ka yi rajista, in ana buƙata, sai ka sa wayar a alamar jirgi. Ka buɗe manhajar, ka fara atisayen ƙarya, ka rubuta turmi uku. Ka rufe ta gaba ɗaya, ka share ta daga jerin waɗanda ke buɗe, ka sake shiga. Turmin nan uku suna nan? Tarihinka na baya yana buɗuwa? Sannan ka kunna data, ka ga ko rubutun ya tsaya yadda yake, bai ɓace ba bai kuma ninku ba.

Wadda ta tsaya tana juya maka ɗan zobe tana jiran intanet, ka goge ta nan take. Data kan ƙare ranar da ba a shirya ba, sabis kan yi rauni a ɗakin da aka rufa da kwano, kuma mu a jihar nan mun san abin da ya fi haka: a watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, aka yi watanni a haka. Wanda rubutunsa ke kan wayarsa bai rasa komai ba.

Ka lura da masu nuna bidiyon kowane atisaye. Wasu duk buɗewa sai sun jawo shi daga intanet, su tsotse maka data ba ka sani ba.

Mataki na biyar: mako guda a gaban ƙarfe

A kan katifa kowace manhaja kyakkyawa ce. Ka kai ta inda hannu ke zufa, numfashi na sama-sama, mutum uku na jiran sandar da kake kai. Ka ba kowacce mako guda, kana lura da abubuwan nan.

Danni nawa ake yi kafin a rubuta turmi ɗaya? Mai kyau tana cika maka lambobin da kanta daga na baya, kai dai ka gyara in da gyara, ka danna sau ɗaya. In sai ka buɗe shafi uku kafin ka sa kilo, mako biyu za ka yi ka daina rubutawa, na ga haka ba sau ɗaya ba.

Tana nuna maka abin da ka yi a zaman da ya wuce a gefen na yau, ba sai ka je tono ba? A wurina wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi. Strong da Hevy suna aje shi a layi ɗaya da inda za ka rubuta na yau. A FitNotes kuma tarihin atisayen na shafin da ke maƙwabtaka, jan yatsa ɗaya ne. Kowa da wanda ya fi kwanta masa, ƙanena na gefe-da-gefen ya fi so.

Agogon hutu fa? Turmi mai nauyi yana son hutun minti 2 zuwa 3, wani lokaci har 5, ƙananan atisaye irin na damtse kuwa minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ya kamata agogon ya tashi da kansa da ka rubuta turmi, ya kuma yi ƙara ko girgiza ko da fuskar wayar a kashe take. A nan ne mutane ke zargin manhaja alhali ba laifinta. Wayoyin Android da yawa suna kashe duk abin da ke aiki a bayan fage don tattalin caji. Ka shiga saiti, ka nemo manhajar a jerin manhajoji, ka shiga ɓangaren batir, ka ba ta izinin aiki ba takura, ka kuma kunna mata sanarwa. In kana da manhajar share-share da ke cewa za ta ƙara wa waya gudu, ka cire wannan daga waɗanda take rufewa.

Sauran ƙanana ne: maɓallan su yi girman da jiƙaƙƙen yatsa ba zai kuskure ba, rubutun ya karantu a rana in a tsakar gida kuke yi. Wata shawara kuma da ba ta manhaja ba ce: ka bar wayar a alamar jirgi har ka gama. Hutun minti biyu da aka leƙa TikTok a cikinsa minti goma yake komawa, na bayanka kuma sun ƙosa.

Mataki na shida: ta yarda da kayanka?

Jerin atisayen da ke cikinsu ba ya ɗauke da ɗaukar jarka biyu daga zaure zuwa ƙarshen layi, ko rungumar buhun yashi. Ka gwada ƙirƙirar atisayenka da sunan da ka ga dama, da Hausa ma in ka so. Wasu suna iyakance adadin da za ka ƙirƙira a kyauta, don haka in rabin atisayenka na gargajiya ne, wannan kaɗai na iya yanke maka hukunci. Ka ga kuma ko tana karɓar lamba mai ɗigo, irin 13.5, tunda simintinka ba zai faɗo daidai kan 15 ba. Ka tabbatar awon na kan kilo. Ka duba ko tana iya rubuta lokaci ko nisa a madadin yawan ɗagawa, da kuma atisayen da nauyin jikinka kaɗai ake yi da shi, irin jan jiki a sandar sama.

Mai ƙarfe ɗaya ko biyu da ba a ƙara masu nauyi, ga yadda zai yi amfani da rubutun. Ka sa wa kanka iyaka, misali ɗagawa 8 zuwa 12. Ka fara da turmi 3 na 8. Kowane zama ka nemi ƙarin ɗagawa ɗaya ko biyu, har ranar da duka turmin uku suka kai 12. Ran nan sai a ƙara nauyi kaɗan a koma 8. Nan ledar fiya wata ke shigowa: biyu a kowane gefe, a ɗaure da roba, ka ƙara kilo 2 ke nan. Duk manhajar da ke nuna na baya za ta ɗauki wannan tsari.

Wurin rubuta ɗan bayani a ƙarƙashin turmi shi ma yana da rana. "Kafaɗar dama ta ɗan yi zafi." "Da sandar mai walda na yi." Bayan wata uku waɗannan 'yan kalmomi ne za su fassara maka lambobin.

Mataki na bakwai: ƙofar fita

Nan ne na ƙone. Na yi fiye da shekara ina rubutu a wata manhaja, rannan waya ta faɗa bokitin wanki, mai gyara ya ce sai dai a yi haƙuri. Da na sayi wata na sauke manhajar, fayau, kamar ban taɓa ɗaga ko cokali ba. Laifina ne, akwai wurin ajiyar kwafi a ciki, ban taɓa danna shi ba.

Manhajojin iri biyu ne ta wannan fuska. Mai aje komai a waya, irin FitNotes, ba ta dogara da kowa, amma in wayar ta tafi ta tafi da shi, sai in ka yi kwafi. Ka shiga saitinta ka fitar da fayil ɗin ajiya, ka ɗora shi a Google Drive ko ka aika wa kanka ta imel. Ka sa wa abin rana, ni duk farkon wata nake yi. Mai asusu kuma, irin Hevy, tana aje maka a wajensu, ka shiga ta sabuwar waya ka iske kayanka. Sai dai fa in ka san kalmar sirrinka. Mutanenmu da yawa mai shagon waya ne ya buɗe masu Gmail ranar da suka sayi wayar, ba su taɓa sanin abin da ya rubuta ba. In kana cikinsu, ka gyara wannan yau, ka sauya kalmar, ka sa lambarka ta zama ta farfaɗo da asusun.

Ko wacce iri ce, ka nemi inda ake fitar da duka tarihin a fayil ɗin CSV, wanda ke buɗuwa a Excel ko Google Sheets. FitNotes da Strong da Hevy duk suna yi. Ka fitar tun a makon gwaji, ka buɗe, ka ga ranaku da kilo a jere da idonka. Manhajar da ba ta barin ka fita da rubutunka, ranar da ta tsawwala kuɗi ko masu ita suka rufe, ba ka da ta cewa.

Mataki na takwas: maganar kuɗi

Kada ka biya ko sisi a wata ukun farko. In ka yi wata uku kana rubutu ba fashi, kuma ka ci karo da wata iyaka takamaimai da ke takura maka, sannan a yi maganar biya. Yawancinsu wata-wata ko shekara-shekara ake biya, farashin kuma da dala aka gina shi, ka san abin da hakan ke nufi ga mai samu da naira. Wasu suna da tsarin biya sau ɗaya. Kafin ka danna, ka lissafa ƙwai nawa, wake mudu nawa, nono kwano nawa kuɗin zai saya, don tsoka da waɗannan take ginuwa.

A yi hattara da gwajin kyauta na kwana 7 da ke neman lambar kati. Kwanakin na cika za a cire kuɗi ba sallama. Goge manhajar daga waya kuma ba ya tsayar da biyan, a nan na yi asarar da na ambata. Sai ka shiga Play Store, ka danna hotonka da ke sama, ka shiga sashen biyan kuɗi, ka nemo Subscriptions, ka soke daga can.

Bayan an zaɓa: waɗanne lambobi za a kula da su?

Za ka ga wata lamba da suke kira 1RM, wato ƙiyasin nauyin da za ka iya ɗagawa sau ɗaya tak. Da yawa da lissafin Epley suke fitar da ita: a raba yawan ɗagawa da 30, a ƙara 1, a ninka da nauyin. Kilo 60 sau 8 zai ba da 76. Kilo 65 sau 5 zai ba da 75.8. Ka ga amfaninta ke nan, ta nuna maka cewa turmin nan biyu kusan ƙarfi ɗaya ne duk da lambobinsu sun bambanta. Ƙiyasi ne fa, kuma yana ƙara kaucewa in ɗagawar ta wuce 10. Kada ka je ka ɗora 76 don waya ta faɗa, ba kowa a bayanka.

Akwai jimillar nauyi: turmi 3, ɗagawa 8, kilo 60, ya zama kilo 1,440. Tana da daɗin gani, amma atisaye ɗaya za ka riƙa gwada ta da kansa, mako da mako. Lambar kuzarin da wai ka ƙona kuwa, a ɗaga ƙarfe hasashe ce, kada ka gina cin abincinka a kanta. Haka ƙirgen kwanakin da ka jera ba fashi: tsoka a ranar hutu take gyaruwa, kada wata 'yar alamar wuta a waya ta sa ka fita da ciwon gwiwa.

Manhaja ba ta ganin bayanka ya lanƙwashe lokacin da kake ɗaukowa daga ƙasa. Wannan sai idon koci, ko ka jingina wayar ta ɗauke ka daga gefe ka kalla. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuma ya fara ganin likita, don riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana ɗaga jini sosai na ɗan lokaci.

Layin ci gaban nan ba kullum zai yi sama ba, musamman a garin nan. Zafin Afrilu da Mayu yana cin ƙarfi, ranar da aka kwana ba wuta ba barci ma haka. In azumi ya zo, yawancinmu bayan shan ruwa ko bayan tarawihi muke komawa. Ni jadawali daban nake buɗewa in sa masa suna Azumi: atisaye uku manya, turmi biyu-biyu, nauyin in rage shi kaɗan. Mai Strong ta kyauta da ya riga ya cika gurbinsa uku ba sai ya biya ba, ya fara zaman da ba jadawali ya zaɓo atisayen da hannu, tarihin kowanne na nan yana jiransa. Bayan sallah kada ka koma kai tsaye kan lambar Sha'aban. Ka buɗe tarihi, ka ga inda ka tsaya, ka debe kashi 10 cikin 100, ka hau daga nan cikin mako biyu ko uku.